Ango daga Birnin Kebbi na son kai amarya Zanzibar: da me zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a Birnin Kebbi. An sa ranar ɗaurin aurena makon farko na watan Afrilu, yanzu saura wata uku. Na daɗe ina tari don in kai amaryata hutun amarci wani tsibiri, har na ware naira miliyan bakwai ban da kuɗin biki. Hankalina ya fi kwanciya da Zanzibar, abokaina kuma suna ta yi mini tallar Maldibs. So nake mu tashi kwana biyu bayan an kai amarya, kuma in yi mata ba-zata. Ina da fasfo, ita ba ta da shi. Wani da na gani a Instagram ya ce in tura masa rabin kuɗi ya kama mana tikiti da otal. Hajiyarmu kuma ta ce almubazzaranci ne, in dai tafiya ce a tafi Umara. Ku ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, ango. Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu ranar lafiya.

Zaɓin Zanzibar bai da laifi. Inda gyara yake shi ne ranar da ka sa, da kuma ta inda kake shirin farawa. Kana son ka fara da tikiti, alhali shi ne kusan na ƙarshe a layi. Fasfo ne farko, sai allurar rigakafi, sai biza, sannan a biya tikiti da otal. Wanda ya juya wannan jeri shi ne ke asarar kuɗi, don haka kada ka tura wa kowa ko sisi tukuna.

Zanzibar yanki ne na ƙasar Tanzaniya tun haɗewar da aka yi a 1964, saboda haka bizar Tanzaniya za ku nema. Najeriya kuwa tana cikin ƙasashen da ba a buga wa biza a filin jirgi. Sai an cike takarda a shafin intanet na hukumar shige da ficensu, a miƙa ta sama a tantance, kuma hukumar da kanta tana cewa a nema aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada a biya tikiti sai amsa ta fito. Kuɗin bizar yawon buɗe ido dala 50 ne kowane mutum, ko an hana ba a mayarwa. Yanzu ka lissafa: amarya ba ta da fasfo, ba za a nema mata biza ba sai ya fito, sannan a ƙara wata biyu a kai. Ko komai ya tafi daidai, da ƙyar ku tsallake Afrilu.

Ko da bizar ta fito ma, Afrilu tsakiyar babbar daminar Zanzibar ce. Ruwan yana sauka daga Maris zuwa Mayu, wani lokaci ya wuni yana zuba, teku ta yi duhu, wasu otal-otal na bakin ruwa su rufe don gyare-gyare. Farashi yakan faɗi a lokacin, shi ya sa masu talla ke matsa wa mutane su kama, amma arhar da za ta zaunar da ku a ɗaki kuna kallon ruwan sama ba ita kake nema ba. Rani mai sanyi-sanyi yana farawa daga Yuni zuwa Oktoba. Nuwamba da farkon Disamba akwai ƙaramar damina, Janairu da Fabrairu kuma zafi ne. Yuli da Agusta Turawa ke cika wurin, kuɗi ya hau. Mu dai tsakiyar Yuni zuwa ƙarshensa muke ba ka shawara, in bai samu ba Satumba ko Oktoba.

Wannan ɗagin zai ma raba ka da wata rigimar da ba ka hango ba. Kwana biyu da kai amarya, gidanku cike yake da 'yan ganin ɗaki, gwaggonni ba su koma ba, ba a je gaida surukai ba, ita kanta amaryar gajiyar biki ba ta sake ta ba. In ka ɗauke ta a lokacin, maganar da za ta biyo baya sai ta fi tafiyar tsawo. Ku ci kwana bakwai ɗinku a gida, a gama al'ada, ku ɗan saba da juna, sannan ku fita.

Batun Maldibs, abokanka ba su yi ƙarya ba. Ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgin Male, babban birninta, ƙasar Musulmi ce, kuma Afrilu yana cikin lokacinta mai kyau, iska da ruwa sai daga Mayu. Sai dai hotunan nan na ɗaki a kan ruwa, kowane otal tsibirinsa daban, kuma kai ka can da jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a ruwa kuɗi ne na daban, wanda kan kai ɗaruruwan daloli kowane mutum. Ƙaramin jirgin da rana kawai yake tashi, in kun sauka da dare sai kun kwana a Male. A kan kuɗin ɗaki kuma ana ɗora kashi 10 na hidima, da kashi 17 na haraji, da dala 12 na harajin muhalli kowane mutum kowane dare. Da miliyan bakwai abin da za ka iya a can shi ne masauki a tsibirin da jama'a ke zaune, irin Maafushi, wanda ba shi ne abin da ka gani a hoto ba. Ƙasar tsibiran Seshels kuma a 2023 ta ƙuntata wa masu fasfon Najeriya, kada ka ɓata lokaci a kanta. Kuɗinka zai fi yin auki a Zanzibar.

Ba-zata kam ka cire ta daga lissafi. Fasfo sai mutum ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, biza kuma sai da bayanansa. Ban da haka, akwai abin da ita kaɗai ta sani. Kwanakin tafiyar kaɗan ne, in suka faɗa daidai lokacin al'adarta, ba shiga ruwa, ba walwala, ga ciwon mara a ƙasar mutane. Ita za ta duba lissafinta ta faɗa maka makon da ya dace. Kada kuma a sayi ƙwayar ɗaga al'ada a kyamis ba tare da ganin likita ba. Ka tambaye ta ma ko tana tsoron ruwa ko jirgi. In ba-zatar kake so dole, ka ɓoye mata sunan otal ɗin, ya isa.

Maganar fasfo ka bi ta hannun iyayenta, tunda ba a ɗaura ba tukuna. Yayanta ko wata babba a gidan ta raka ta ofishin fasfo na Birnin Kebbi. Kafin su je, a tabbatar sunanta da ranar haihuwarta a lambar NIN sun yi daidai da takardar haihuwa, domin saɓanin harafi ɗaya yana tsayar da aikin makonni. Daga Satumba 2025 fasfo mai shafi 32 na shekara biyar naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma 200,000. A yi da wuri, kafin cunkoson maniyyata ya taso. Naka kuma ka buɗe ka duba: dole ya rage masa aƙalla wata shida daga ranar da za ku shiga ƙasar, da shafuka marasa tambari. Wajen yankar tikiti a rubuta sunanta yadda yake a fasfo, da sunan mahaifinta. Wasu masu yanka sukan liƙa wa mace sunan mijinta don burgewa, ranar tafiya a hana ta hawa jirgi.

Allurar cutar shawara ita ce abin da aka fi mantawa. Duk wanda ya fito daga Najeriya ana neman katinta a Tanzaniya, haka ma Maldibs. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Abin lura shi ne ba a so a yi wa mai ciki, kuma likitoci na son a bar kamar wata guda tsakanin allurar da ɗaukar ciki. Don haka a yi wa amarya tun yanzu, kafin biki. In aka bari sai Mayu, mai yiwuwa lokacin an samu rabo, abin ya cakuɗe. A je ofishin kiwon lafiya na tashoshin shiga ƙasa a karɓi allurar gaske da kati mai lambar da ake tantancewa, kada a sayi katin bayan fage. In kuma Allah Ya kawo rabon kafin tafiya, ku ga likita kafin a biya tikiti, domin laulayi da jirgin ruwa ba sa shiri.

Akwai kuma inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta sa wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024: dala 44 kowane babba, ana saye ta intanet daga kamfanin inshorar gwamnatinsu, kuma wata inshorar daban ba ta maye gurbinta. Bayan biza ta fito za ku saya.

Shi kuma mutumin Instagram, wanda ya ce ka biya tikiti bai tambaye ka biza ba, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya san abin da yake yi. Ka nemi kamfanin tafiye-tafiye mai ofis da za ka iya shiga da ƙafarka, mai rajista da IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, ko NANTA, ƙungiyar kamfanonin tafiye-tafiye ta Najeriya, ka biya ta asusun kamfani ba na mutum ba. Ka kuma san bambancin kama kujera da yankar tikiti. Kama kujera takarda ce mai lambar haruffa shida, ita ake haɗawa da neman biza, kuma takan soke kanta in ba a biya ba. Tikitin gaske yana da lambobi 13 a jere, na Ethiopian Airlines yana farawa da 071, na Kenya Airways da 706. Da an ba ka, ka shiga shafin kamfanin jirgin ka sa lambar da sunanka ka gani da idonka. Otal ma ka tura musu saƙo kai tsaye su tabbatar maka da sunanku da ranakun da abin da aka biya. Ka zaɓi farashin da ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan ɗara.

Hanya mafi sauƙi ita ce Ethiopian daga Abuja ko Kano zuwa Adis Ababa, a sauya jirgi zuwa Zanzibar. Kenya Airways daga Legas take tashi ta Nairobi. Tikiti ɗaya za a yanka tun daga Najeriya har tsibirin, domin in jirgin farko ya makara alhakin kamfani ne ya sa ku a na gaba, in kuwa biyu ka yanka daban, asararka ce. Daga Kebbi ka bincika ko akwai jirgin Abuja daga filin Ambursa a ranar, in babu ku bi ta Sakkwato. Ku isa Abuja ana gobe tafiya, jiragen cikin gida ba abin dogaro ba ne. In mota ce, da rana. Ranar tafiyar kuma iyaye da waliyyai kaɗai suka isa su sani, hotuna su jira sai kun dawo.

Kuɗin nan ka daina lissafa shi da naira, ka mayar da shi dala a farashin yau. Cire kashi 15 ka ajiye gefe, na ko-ta-kwana ne. Cire biza da inshora, dala 188 ke nan ku biyu, da fasfo da zirga-zirgar Abuja. Sai ka nemi farashin tikiti biyu, wanda shi ne zai ci kaso mafi tsoka. Abin da ya saura shi zai faɗa maka kwana nawa za ku yi da irin otal ɗin da za ku sauka. In lissafi ya matse, ka rage kwana, kada ka rage darajar ɗaki. Ku riƙe sababbin daloli, waɗanda aka buga kafin 2009 ba a cika karɓarsu ba, ku canza zuwa shilin ɗin Tanzaniya a wurin canji mai lasisi, domin da shi ake ciniki. Ka tambayi bankinka iyakar abin da katinka ke iya biya a waje. Otal kuma yana karɓar harajin kwana, har dala 5 kowane mutum kowane dare a manyan otal, sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani.

Inda za ku sauka shi ne ya fi cancantar dogon tunani. Kwana biyu a tsohon birni, wato Stone Town, wanda ke kusa da filin jirgi, sannan kwana huɗu a bakin teku. A birnin akwai masallatai ta ko'ina, mutanen tsibirin kusan duka Musulmi ne, mata da hijabinsu, amarya ba za ta ji ta fita daban ba. Da yamma ku je Forodhani inda ake gasa kifi da jatan lande a fili, amma ku sa a gasa a gabanku, kada ku karɓi wanda ya wuni a tire. Rabin yini ya isa gonar kayan ƙamshi, inda za ku ga kanumfari da kirfa da masoro a jikin itacensu.

Bakin teku kuwa iri biyu ne, kuma hoto ba ya nuna bambancin. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa sau biyu a yini ya yi nisa sosai, ya bar tabo da ciyawar teku da wasu halittu masu ƙaya da ke huda ƙafa, sai an jira sa'o'i ya dawo. A arewa, Nungwi da Kendwa, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga birni, ruwan ba ya nisa, ana shiga kowane lokaci. Amma arewar ita ce matattarar Turawa, da shigar da ka san ba za ku so gani ba, da kiɗa har dare a wasu wuraren. To ka tambayi kanka abin da kuke so. In iyo a teku ne, arewa, a otal da ke gefe da cunkoso. In natsuwa ce da sirri, gabas ta fi, da sharaɗin ɗakin yana da ɗan tafkin wankansa a cikin katanga. Ga ma'aurata irinku wannan katangar ta fi komai daraja a otal ɗin, nan ne kawai amarya za ta cire mayafi ta shiga ruwa hankali kwance. Ka sa su turo maka hoton ɗakin, ka tambaya ko ana hango tafkin daga wani bene. Ta kuma tafi da rigar iyo mai rufe jiki da takalmin roba na shiga ruwa, tun daga gida.

Wajen abinci kada ka ɗauki tsarin da aka ce komai da komai yana ciki, domin wani kaso na kuɗin na giya ne da ba za ku sha ba. Ka ɗauki na karin kumallo da abincin dare. Ka rubuta musu tun kafin ku iso cewa ku Musulmi ne kuma sababbin aure: a kwashe giyar da ke cikin firjin ɗaki, kwalbar da suke tarbar amare da ita a musanya da lemo, nama kuma na halal. Otal-otal da dama suna yi wa amare ragi ko kyauta, amma sai sun ga takardar shaidar aure, don haka ka karɓi taku a rubuce bayan ɗaurin aure, da turanci, da sunaye irin na fasfo. Ita ma takan yi amfani a gaban jami'an shige da fice.

Salla: kada ka kalli gabas yadda ka saba a Kebbi. Zanzibar tana kudu da Makka kusan a miƙe, alƙibla arewa take. Agogonsu yana gaba da namu da awa biyu. Sannan masu jin Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, in direba ya ce ƙarfe ɗaya yana iya nufin bakwai na safe, saboda haka ka sa ya nuna maka a waya. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri guda yana cika salla, ka zauna da malaminku ka faɗa masa yadda kuka raba kwanakin.

A jakar amarya akwai abubuwan da za su jawo tsaiko. Humra da turaruka su shiga babbar jaka, a ta hannu ba a wuce kwalba mai mililita 100. Turaren wuta da garwashi a bar su gida: ɗakunan suna da na'urar jin hayaƙi, da yawansu kuma rufin ganyen kwakwa ne mai saurin kamawa. Ƙulle-ƙullen garin magani da tsimi marasa suna, waɗanda gwaggonni ke cusa wa amarya, su ne ke sa jami'an NDLEA su zazzage jaka a bainar jama'a. Kada ku karɓi saƙon kowa. Kilishi ma a haƙura, yaji a gwangwani mai murfi ba laifi. Ledar cefane haramtacciya ce a Tanzaniya tun 2019. A bakin teku za a yi ta yi mata tallar baƙin lalle, ta ƙi, sinadarin rinin da ake zuba masa yana ƙona fata ya bar tabo. Ku sha ruwan gora, ku shafa maganin sauro da yamma, ita kuma ta yawaita shan ruwa kada ta riƙe fitsari, domin ciwon mafitsara yana yawan kama sababbin amare. In za ku hau jirgin ruwa zuwa tsibirin manyan kunkuru ko kallon faɗuwar rana, ta hannun otal za ku kama, ba samarin da ke bin baƙi a rairayi ba, kuma ba rigar kariya ba hawa. Wanda ya san abin da ruwa ya yi wa mutanen Yawuri da Ngaski ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Saura Hajiya. Fita da iyali a ga ƙasar Allah da kuɗin halal ba haramun ba ne, amma kada ka je mata da hujja, ba fatawa take nema ba. Tsoronta kada ɗanta ya ƙone abin da ya tara a mako guda ya dawo yana neman bashin cefane. In haka ne zai faru, ta fi ka gaskiya, ka rage tafiyar ko ka ɗaga ta zuwa baɗi. In kuwa an biya haya, akwai abinci a ɗaki, ba bashin kowa a kanka, to ka nuna mata hakan a aikace, ka faɗa mata ƙasar Musulmi ce, ka kuma sa wani kawunka ko yayarta da take jin maganarsa ya taya ka. Umarar da ta ambata kada ka share ta da fatar baki, ka buɗe mata tari na daban ta gani. In bayan duk wannan ta tsaya a kan a'a, ka jinkirta. Biza da tikiti ana sake nema.

Wajen dawowa, in jirginku na sassafe ne ko na tsakar dare, ku kwana a birni daren ƙarshe maimakon ku taso daga arewa cikin duhu. Tsarabar kanumfari da sauran kayan ƙamshi a kasuwar Darajani ta fi arha, amma ku auna jakunkuna kafin ku bar otal, kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi yana da zafi. Kada ka kama jirgin Kebbi ko Sakkwato a ranar da za ku sauka Abuja, ka sa shi washegari, sannan ka bar kwana ɗaya a gida kafin ranar komawa aiki.